Jirin da ke tafe da ciwon ɓarin kai: yadda za a bi a samu sauƙinsa a Legas

Mutum yana zaune lafiya lau a shagonsa, ko uwargida tana tsaka da girki, sai ɗaki ya fara juyawa. Wani kuma ba juyawa yake gani ba, ji yake kamar yana tsaye cikin kwale-kwale ruwa na kaɗa shi. Zuciya ta tashi, haske ya dame shi, ƙarar janaretan maƙwabta ta zame masa azaba. Bayan awa biyu ko yini guda abin ya lafa, bayan makonni ya sake dawowa. A unguwanninmu na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago, abin da aka saba shi ne a tsallaka kemis, a ce maleriya ce da taifot, a haɗo ƙwayoyi. In ya ƙi ci a ce hawan jini ne, in an auna aka ga jinin daidai sai a fara zancen iska.

Wasu daga cikin masu wannan hali ciwon da ke damunsu shi ne wanda likita ke rubutawa a kati da sunan vestibular migraine, wato jirin da tushensa ɗaya da ciwon ɓarin kai. Yana cikin manyan dalilan jirin da ke zuwa ya tafi ya dawo, kuma ya fi kama mata. Ƙwaƙwalwa tana tsayar da mutum daidai ne da saƙon da take samu daga can cikin kunne, da ido, da gaɓoɓin jiki. Ƙwaƙwalwar mai ciwon ɓarin kai tana da saurin harzuƙa. Idan ta harzuƙa sai ta kasa haɗa waɗannan saƙonni, mutum ya ji duniya na motsi alhali kunnensa lafiya. Shi ya sa ake yin hoton kai a ga babu komai, mara lafiya ya koma gida ana yi masa kallon mai raki. Ciwo ne na gaske, kuma ana samun sauƙinsa sosai in an bi shi a tsare.

Mataki na farko: tabbatar ba abin gaggawa ba ne

Kafin komai, ɗan'uwa, akwai jirin da ba a jira da shi. Idan ya zo tare da karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko sarƙewar magana, ko ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko ka kasa tsayuwa kwata-kwata, ko ciwon kai ya sauko maka farat ɗaya irin wanda ba ka taɓa ji ba, to a tafi sashen gaggawa nan take. Haka in kunne ɗaya ya daina ji kwatsam, ko akwai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko jirin ya biyo bayan buguwa a kai. Dattijo mai hawan jini ko ciwon suga da jiri mai ƙarfi ya kama karon farko, shi ma a kai shi a ranar. Shanyewar ɓarin jiki tana iya farawa da jiri, kuma allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya tana da iyaka, awa 4 da rabi daga farawa. Lambar gaggawa a Legas ita ce 112 ko 767.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman a nan. Idan mutum biyu ko uku a gida ɗaya suna tashi da ciwon kai da jiri tare, kuma suna jin sauƙi in sun fita waje, a duba inda aka ajiye janareta. Iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kuma kisa. A fitar da shi fili, nesa da taga.

Mataki na biyu: rubuta abin da ke faruwa

Babu gwajin jini ko hoton da ke nuna wannan ciwo. Da labarinka ake gane shi, don haka labarin ya zama a rubuce. Nemi ƙaramin littafi, ko ka riƙa tura wa kanka saƙon murya a WhatsApp. Duk ranar da ya taso ka rubuta lokacin da ya fara da lokacin da ya sake ka, ko kai ya yi ciwo, ko haske da ƙara sun dame ka, awa nawa ka yi barci, me ka ci, wane magani ka sha. 'Yar'uwa, ki ƙara da ranakun al'ada.

A 2012 ne ƙungiyar Bárány ta masana jiri da ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya suka fitar da ma'aunin da likitoci ke bi. Sai jirin ya taso aƙalla sau 5, mai ƙarfin da zai takura wa mutum ko ya hana shi aiki, kowanne yana ɗaukar tsakanin minti 5 zuwa awa 72. Sai mutum yana da tarihin ciwon ɓarin kai, ko da na shekarun baya ne. Sannan a rabin lokutan jirin ko fiye, akwai ɗaya daga alamomin ciwon: ciwon kai mai sara a ɓari guda, ko ƙin haske da ƙara, ko ganin walƙiya da zane-zane a ido. A lura da kyau, ba dole ne kai ya yi ciwo tare da jirin ba. Akwai matan da ciwon kan ya sake su bayan al'ada ta ɗauke, jiri ya maye gurbinsa, su kuma ba sa kawo cewa abu ɗaya ne.

Mataki na uku: ganin likitan da ya dace

Fara da babban asibitin gwamnati mafi kusa, kamar na Orile Agege, na Gbagada, ko na tarayya da ke Ebute Metta. Daga nan, in an ga buƙata, a ba ka takardar turawa zuwa LUTH da ke Idi-Araba ko LASUTH da ke Ikeja, wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ko likitan kunne, hanci da maƙogwaro. In kana cikin inshorar lafiya ta jiha, Ilera Eko, tambayi abin da ta ɗauke maka tun kafin ka biya. In Turanci ko Yarbanci na ba ka wahala, tafi da wanda zai fassara maka, domin a wannan ciwo bayani shi ne gwajin.

Kada ka tsaya a "ina jin jiri". Ka ce, likita, ɗaki ne ke juya mini, ko kuwa tangaɗi nake ji, ko duhu nake gani in na miƙe. Kowanne da inda ya dosa. Jirin da ke zuwa in ka juya a kan gado ko ka ɗago daga sujada, ya wuce kafin minti ɗaya, galibi wasu 'yan ƙananan tsakuwoyi ne na cikin kunne suka bar mazauninsu, kuma likita na iya mayar da su ta hanyar juya maka kai a kan gadon duba marasa lafiya, ba tare da ƙwaya ba. Wanda ke zuwa da toshewar kunne ɗaya, da ƙugi a cikinsa, da raguwar ji, na minti 20 zuwa awa 12, ya fi kama da ciwon Meniere. Duhun gani in an miƙe yakan zama ƙarancin jini, ko ƙarancin ruwa, ko maganin hawan jini ya yi yawa. Mutum ɗaya na iya haɗa biyu.

Zuba duk magungunan da kake sha a leda ka tafi da su, har da na gargajiya. Allurar gentamicin da streptomycin suna iya lalata sashen kunnen da ke tsayar da mutum, kwinin yana sa jiri da ƙugin kunne. Za a auna jininka a kwance da tsaye, a duba yawan jini da suga, wataƙila a yi gwajin ji. Hoton MRI sai likita ya ga dalili. Gwajin Widal guda ɗaya kuwa ba ya tabbatar da taifot, kada ya sa ka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta wata bayan wata jiri na nan inda yake.

Mataki na huɗu: gyara tsarin yini

A ganina nan ne rabin maganin yake, kuma nan ne ya fi wuya a garin nan. Irin wannan ƙwaƙwalwa ba ta son sauyi: barcin yau awa huɗu na gobe awa goma, abincin yau da safe na gobe sai la'asar. Wanda zai bar Agege tun kafin asuba don ya riga cunkoso, ya dawo goma na dare, ko mai gadin da ke kwana ido biyu, ko direban tanka da ke layi a Apapa, ba za a ce masa kawai ya huta ba. Abin da zai yiwu shi ne tsayar da lokaci. Zaɓi lokacin kwanciya da na tashi ka riƙe su har ranar Lahadi. Mai aikin dare ya tsayar da nasa barcin na rana, a ɗaki mai duhu, waya a kashe.

Kada ka tsallake karin kumallo. Ajiye gyaɗa, dabino ko ayaba a aljihu ko jaka saboda ranar da hanya ta tsaya. Sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka. Zufar Legas tana janye ruwan jiki ba ka sani ba, kuma in fitsari ya yi ja, ruwan bai isa ba.

Sai goro, shayi, Nescafé da lemukan ƙara kuzari. Duk suna ɗauke da sinadarin kafin. Kada ka yanke su rana ɗaya, yankewar kanta tana tayar da ciwon kai. Rage su sannu a hankali cikin mako biyu zuwa uku, ka tsaya a ɗan kaɗan da safe, a lokaci guda kullum. Game da sauran abinci, ba na goyon bayan doguwar dokar hana wannan hana wancan da ke barin mutum da yunwa. In littafinka ya nuna wani abu na maimaituwa kafin jiri, bar shi wata guda ka gani, abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Ƙamshi mai ƙarfi yana tayar wa wasu: turaren wuta, humra, hayaƙin mota, warin fetur. 'Yar'uwa, in kin lura turaren wuta na tayar miki, a turara ɗakin kina waje, a buɗe taga kafin ki shiga. Ba sai an bar shi gaba ɗaya ba.

Motsin da ido ke gani shi ma babban abu ne. A danfo ko BRT nemi kujerar gaba, kalli nesa, ajiye waya. Karatun saƙo a waya mota na gudu a kan gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, ya isa ya lalata maka yini. A gadar masu tafiya a ƙasa riƙe ƙarfen gefe, kada ka kalli motocin da ke wucewa a ƙarƙashi. Kasuwa mai cunkoso irin Balogun, je da sassafe ka taƙaita zama. Amma kada ka kulle kanka a ɗaki, gujewa gaba ɗaya tana ƙara wa ƙwaƙwalwa saurin harzuƙa.

Azumi yana buƙatar shiri tun daga Sha'aban. Rage goro da shayi tun lokacin, ka ga likita ya mayar maka da magunguna zuwa dare. Jinkirta sahur, rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da asuba, kare barcinka gwargwadon hali. Ranar da ciwon ya kayar da kai da amai, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama, kamar yadda ta yarda ya yi salla a zaune in ruku'u da sujada na neman kayar da shi. Tambayi malaminka don zuciyarka ta natsu.

Mataki na biyar: in ya taso

Zauna ko ka kwanta nan take a inda ba za ka faɗi ba. In kana tuƙi, gangara gefe. Nemi duhu da shiru, tsayar da kai, kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan. In akwai ciwon kai, babba zai iya shan farasitamol miligiram 1000 ko ibuprofen miligiram 400 tun da farko-farko, kafin ya yi nisa. Ibuprofen ba na mai gyambon ciki ba ne, ko mai ciwon ƙoda, ko mai juna biyu, kuma yana tayar wa wasu masu asma.

Don jiri da amai likita na iya rubuta prochlorperazine, promethazine ko cinnarizine, wanda aka fi sani da Stugeron. Nan ne mutanenmu da yawa ke shiga matsala. Waɗannan magunguna na ranar tashin ciwo ne, kwana biyu ko uku a ajiye. Wanda ya mayar da su abin sha kullum yana hana ƙwaƙwalwarsa sabawa, tangaɗin ya zauna masa, ga kasala da barci. A tsofaffi, daɗewa ana shan cinnarizine na iya kawo karkarwa da sanƙarewar jiki. Prochlorperazine da wani maganin amai mai suna metoclopramide kuma sukan sa wuya ko ido ya murɗe, musamman ga matasa. In haka ta faru ba aljanu ba ne, a kai asibiti, akwai allurar da ke warware shi.

Akwai rukunin magungunan ciwon ɓarin kai irin su sumatriptan da rizatriptan. Suna aiki a kan ciwon kan, amma a kan jirin aikinsu bai kai haka ba: a wani gwaji da aka yi, rizatriptan bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba wajen rage jiri a awar farko. Mai ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai sauka ba, ko wanda ya taɓa samun shanyewar jiki, ba ya shan su.

Ƙirga ranakun shan magani a littafinka. Farasitamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, ko su sumatriptan da magungunan da aka haɗa da kafin kwana 10 ko fiye, su da kansu suna haifar da ciwon kai na kullum. Tramadol da kodin ba su da gurbi a wannan ciwo ko kaɗan.

Mataki na shida: maganin kariya

Idan ciwon na cinye maka kwana huɗu ko fiye a wata, ko bai kai haka ba amma yana hana ka neman abinci, yi wa likita maganar maganin da ake sha kullum don rage tasowarsa. An aro su ne daga maganin ciwon ɓarin kai. Bitar da cibiyar Cochrane ta yi a 2023 ta nuna gwaje-gwajen da aka yi a kan jirin kansa kaɗan ne kuma ƙanana, shi ya sa ba a ce ga ɗaya da ya fi sauran ba. Ana zaɓa ne da duba jikin mutum da sauran cututtukansa.

Propranolol ya dace da mai hawan jini ko yawan faɗuwar gaba, amma mai asma ba ya shan sa, kuma yana iya ɓoye alamar faɗuwar suga ga mai allurar insulin. Amitriptyline ana fara shi da kaɗan, kamar miligiram 10 da dare. Yana taimakon mai rashin barci, yana busar da baki, yana iya ƙara ƙiba. Venlafaxine yakan dace da wanda damuwa da fargaba suka haɗe masa da jirin. Topiramate ana farawa da miligiram 25, yana rage ƙiba, yana sa tafiyar tsutsa a yatsu da mantuwar kalma, yana kuma iya kawo tsakuwar ƙoda, don haka sai da shan ruwa sosai. In ido ya yi ciwo ko gani ya dushe kwatsam kana shan sa, asibiti a ranar. Flunarizine yana sa barci da ƙiba, ba a son sa ga tsofaffi ko mai ciwon damuwa.

Wani zai buɗe takardar cikin kwali ya ga an rubuta maganin farfaɗiya ko na ciwon damuwa, ya jefar, ransa a ɓace. Kada ka yi haka. Ba likita ne ke zarginka da taɓin hankali ba. Magani ɗaya ne mai aiki fiye da ɗaya, kuma adadin da ake ba ka sau da yawa bai kai na waɗancan cututtuka ba.

Babban abin da ke kayar da mutane shi ne gaggawa. Illar maganin ce ke riga amfaninsa zuwa. Ana ƙara adadin a hankali, sannan a ba shi mako 6 zuwa 8 kafin a yanke masa hukunci. Abin da ake nema da farko shi ne ranakun ciwo su ragu da rabi, kuma littafinka ne zai nuna. In bayan wata biyu zuwa uku babu canji, a sauya wani. Rashin aikin na farko ba ya nufin na biyu ma haka. Kada ka yanke propranolol ko venlafaxine rana ɗaya don kuɗi sun ƙare, faɗa wa likita tun da sauran ƙwayoyi a hannu. Saya a kantin magani mai rajista, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka bar na masu talla a cikin mota.

Wasu likitoci suna ƙara maganiziyam miligiram 400 zuwa 600, ko bitamin B2 miligiram 400 a rana. Na farkon na iya sa gudawa kuma bai dace da mai ciwon ƙoda ba, na biyun yana mayar da fitsari rawaya sosai, ba komai ba ne. Akwai kuma sababbin allurai na wata-wata, irin erenumab da aka amince da shi a Amurka a 2018. Suna da tsada ƙwarai, suna buƙatar firji, galibi kuma ana ajiye su ne ga wanda sauran suka gaza masa.

Ga 'yan'uwa mata, wannan magana ce mai nauyi. In kina da juna biyu, ko kina nema, ko kina shayarwa, ko ma dai ba kya tsarin iyali, faɗa wa likita kafin ya ɗora biro. Valproate, wanda shi ma ake bayarwa don kariya, yana iya nakasa ɗan tayi, topiramate ma yana da haɗari, kuma yana iya rage ƙarfin wasu ƙwayoyin tsarin iyali. In kuma kina ganin walƙiyar nan a ido kafin ciwo, ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin istirojin ba taki ba ce, tana ƙara haɗarin shanyewar jiki. Akwai wasu hanyoyin, a canza miki.

Mataki na bakwai: sake koya wa jiki tsayuwa

Wanda tangaɗi ke bin sa har a ranakun da ciwon bai taso ba, ya nemi a tura shi sashen gashi da motsa jiki na asibiti. Tun shekarun 1940 Cawthorne da Cooksey suka tsara atisayen koya wa jiki tsayuwa a Ingila, kuma har yau ana ginawa a kansa. Mafi sauƙinsa: rubuta harafi ɗaya a takarda ka liƙa a bango daidai idonka, zauna, kafe ido a kan harafin, ka riƙa juya kai dama da hagu a hankali yadda harafin ba zai dushe ba. Fara da daƙiƙa 30, sau uku a yini. In ka saba, ƙara zuwa minti ɗaya, ka yi sama da ƙasa, daga baya a tsaye kusa da bango. Ɗan jiri kaɗan shi ake nema. In ya wuce minti 20 bai lafa ba, ko ya tayar da ciwon kai, ka yi yawa, rage gobe. Ba a yi a ranar da ciwon ya taso. Ƙara da tafiyar ƙasa ta minti 20 zuwa 30 da sanyin safiya ko bayan la'asar.

Tsoron faɗuwa a titi yana iya zama ciwo na biyu, har mutum ya daina fita, ya daina zuwa jam'i. In ka kai nan, faɗa wa likita kai tsaye, shi ma ana maganinsa. Addu'a da ruƙiya ba sa karo da ƙwayar asibiti, a haɗa su. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba ne ke buƙatar a nuna wa likita.

Mai tuƙa babur, keke ko tirela, da mai hawa gini ko tsani, ya tattauna aikinsa da likita tun zuwan farko. In jirin na zuwa ba sallama, a dakata da tuƙi da hawa sama har magani ya kama. Na san abin da wannan ke nufi ga mai iyali a Arewa suna jiran aike, amma a nemi ɗan'uwa ya riƙe abin hawan na ɗan lokaci, ko a koma aikin ƙasa. Koma asibiti duk ranar da aka sa maka, da littafinka a hannu. In an samu wata 6 zuwa 12 cikin sauƙi, likita zai fara janye maganin kaɗan-kaɗan, kai kuma ka ci gaba da riƙe lokacin barci da na abinci. In ciwon ya sake ɗagowa bayan haka, galibi maganin da ya yi maka aiki a baya shi za a koma wa, don haka rubuta sunansa da adadinsa a shafin farko na littafin.